Darasi: Hukuncin Karatun Jikin Dabbobi a Jami'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, wani dattijo ya tsai da mu bayan sallar Juma'a, ransa a ɓace. Ɗansa ya ci jarrabawar bak, ya shiga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, sai ga shi ya dawo hutu da littafi cike da zanen ƙasusuwa, yana cewa suna feɗe kifi da kwaɗo. Dattijon ya ce: "Malam, wannan karatu ne, ko wasa da halittar Allah? In haramun ne, gobe zan fidda shi." Da yake tun 2010 akwai jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa, tambayar ta shafi gidaje da dama, shi ya sa muka ga ya kamata mu amsa ta a nan.

Da farko, mene ne wannan ilimi? Larabawa suna kiransa tashrihi. Ɗalibi yana kwatanta ƙirar dabbobi masu ƙashin baya, wato kifi, kwaɗo, masu jan ciki, tsuntsaye da masu shayarwa. Zai ga zuciyar kifi ɗaki 2 gare ta, ta kwaɗo 3, ta tsuntsu da akuya da mutum 4. Zai ƙirga ƙasusuwan wuyan raƙumin dawa, irin na Kure, ya tarar 7 ne, daidai da na ɓera da na ɗan Adam, tsawo kawai ya bambanta. Sannan zai koma ga saƙar nama: a yanko tsoka ko hanta, yanka wanda ya fi takarda siranta, a rina shi, a duba da madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. A nan zai ga tozon raƙumi kitse ne, ba ruwa ba, kuma jajayen ƙwayoyin jininsa siffar ƙwai gare su, alhali namu a kewaye suke.

Na biyu, hukuncinsa. Allah Maɗaukakin Sarki ya kira mu, a aya ta 17 ta Suratul Gashiya, ga duban yadda aka halicci raƙumi, kuma a aya ta 45 ta Suratun Nur ya ambaci dabbobi bisa ga yanayin tafiyarsu. Magabatanmu sun amsa kiran. Abdullaɗif al-Bagdadi, wanda ya rasu a 1231, ya duba tarin ƙasusuwan mutane a Masar, ya nuna muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, ya gyara kuskuren Jalinusu, babban likitan Girka. Ibnun Nafis, malamin fiƙihu kuma likita, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bayyana yadda jini ke fita daga zuciya ya ratsa huhu ya dawo. Ba mu ji an kore su daga Musulunci ba.

Kuma mu ƙasar kiwo ce. Ma'aikacin da ke duba nama a mahauta, ya ga kumburin tarin fuka a huhun sa ya hana a sayar, daga wannan karatu ya fara. A 2016 zazzaɓin Rift ya faɗa wa yankin Cintabaraden a jihar Tawa, bisashe suka yi ta ɓari, makiyaya suka rasa rayuka. A irin wannan rana, wa za a kira in ba mu da likitocin dabbobi? Don haka muna ganin wannan ilimi farali kifaya ne: in wasu suka ɗauka sun sauke wa saura, in kowa ya bari duk mun shiga laifi.

Na uku, sharuɗɗansa. Halacci ba ya kore ladabi. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. To, kada a yanka dabba tana jin zafi, kada a kashe fiye da bukata, kada a mai da gawarta abin dariya. Game da kwaɗo kuwa, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wani mai magani kashe shi. Malamai sun yi saɓani a kan faɗin wannan hani. Abin da muke ba da shawara shi ne, inda zuciya ko huhun da aka samo daga mahauta, ko samfurin da aka riga aka tanada, zai wadatar, a tsaya a kansa.

Saura abu ɗaya da ba za mu ɓoye ba. A aji za a bayyana wa ɗalibi kamannin dabbobi da ra'ayin asali guda, wanda Darwin ya wallafa a 1859. Ya saurara, ya fahimce shi sosai, ya riƙe imaninsa cewa Allah ne Mahalicci kuma shi ya halicci Annabi Adamu. Abin da ya shige masa duhu ya kawo wa malamai, mu kuma mu karɓe shi da haƙuri, ban da zargi. Yaron da aka kora da tambayarsa, wani wuri zai kai ta.

Abin da muka ce wa dattijon ke nan: ya bar ɗansa ya ci gaba, ya riƙa tambayarsa sallarsa kamar yadda yake tambayarsa sakamakon jarrabawa. Ranar Layya kuma, in an feɗe rago, ya kira shi ya nuna wa ƙannensa ɗakuna 4 na cikin ragon.

Allah ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, ya kare dukiyarmu daga annoba. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.