Yadda Ake Neman Maganin Damuwa ta Waya, da Lokacin da Sai An Je Ido da Ido

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Manyan asibitocin wannan fanni a Arewa ƙidayarsu ba ta da wuya: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri, Dawanau a Kano, sai sassan da ke cikin asibitocin koyarwa. Mutumin Gumel ko Argungu da damuwa ta hana barci, kafin ya ga ƙwararre sai ya lissafa kuɗin mota, ya bar sana'arsa yini guda, sannan ya yi fatan kada wani ɗan unguwa ya hango shi a bakin ƙofar asibitin ya kai labari gida. Wannan na ƙarshen ya fi kuɗin mota hana mutane zuwa. Shi ya sa ake komawa ga waya.

To, tana aiki kuwa? An gwada. A 2012 David Mohr na Jami'ar Northwestern ya fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Chicago kan mutum 325 masu ciwon damuwa. An raba su gida biyu, kowa zama 18, wasu ta waya wasu a ofis, kuma salon jinyar iri ɗaya ne, wato na gyaran tunani da ɗabi'a. Da aka kammala, sauƙin da suka samu ya zo daidai. Waɗanda suka watsar a hanya kuwa sun fi yawa cikin masu zuwa ofis: kusan kashi 33 cikin ɗari, na waya kusan kashi 21. Sai dai bayan wata shida masu zuwa ofis sun ɗan fi riƙe sauƙin. Ni dai abin da na fahimta shi ne, waya ta isa ga damuwa da fargaba masu matsakaicin nauyi, amma da sharaɗi: aikin da ɗakin likita ke yi, na sirri da natsuwa, yanzu ya dawo wuyanka.

Ka fara da tantance ko matsalarka ta waya ce. Akwai abin da ba a kai shi waya sam. Wanda ke tunanin halaka kansa, ko yake jin muryoyin da ba kowa, ko ya kwana uku bai runtsa ba yana ta surutu da kashe kuɗi, asibiti za a kai shi yau, ba gobe ba. Haka mai jegon da ta rikice bayan haihuwa har ana tsoron bar mata jariri. Haka wanda jikinsa ya saba da tiramol ko kodin yake son bari, domin yankewa na zuwa da ciwon jiki da sai an sa ido. Idan abin ya zo da gaggawa cikin dare, akwai lambar 112, sannan a nufi asibiti mafi kusa.

Ko da matsalar ba ta kai nan ba, shawarata ita ce zaman farko a yi shi ido da ido in da hali. Labarin zuciya a tambayi fuska. Likita na ganin rama, da rawar hannu, da rigar da aka kwana biyar ba a canza ba, kuma mai magana ta waya zai iya cewa "lafiya lau" da murya mai daɗi alhali hawaye na zuba. Ban da haka, ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo kan zo da kasala da bugun zuciya masu kama da damuwa, waɗannan kuwa sai da gwajin jini.

Daga nan sai sanin wanda za ka buɗe wa ciki. Facebook da WhatsApp cike suke da masu kiran kansu ƙwararrun ba da shawara. Ka tambaya kai tsaye, ba rashin kunya ba ne: me ka karanta, a ina kake aiki, wace hukuma ta yi maka rajista? Likita dole yana da rajistar hukumar likitoci ta MDCN. Masanin halayyar ɗan Adam da mai ba da shawara ba sa rubuta magani, don haka duk wanda ba likita ba da ya turo maka sunan ƙwaya ta tes ya ce ka je kemis, ka rabu da shi. Hanya mafi aminci ita ce ka karɓi lamba daga asibitin da ka sani. Ka kuma tabbatar yana jin Hausa sosai in da ita kake son magana. Baƙin ciki da Turancin aro wuyar faɗa gare shi.

Kafin kira na farko ku daddale abubuwa kaɗan: nawa ne kuɗin zama, wa zai kira wa, minti nawa, kuma me za a yi idan layi ya yanke. Zama yakan ɗauki minti 45 zuwa 50, sau ɗaya a mako. Ka ba shi adireshin inda kake da lambar mutum ɗaya da ka amince da shi. Ƙwararren gaske da kansa zai nema, don ya san wa zai kira idan ya ji kana cikin haɗari. Ka tambaye shi ko yana naɗar murya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba majiyyaci haƙƙin a rufa masa sirrinsa.

Yanzu ga inda aikin yake: wurin zama. A gidan yawa, inda labule ne ƙofa, yara na shigowa ba sallama, faccala na wanke-wanke a gindin taga, ina za a sami minti hamsin na kaɗaici? Namiji na da sauƙi. Zai iya kulle shago, ko ya shiga mota ya ɗaga gilashi, ko ya tafi gona. Mace ce ke shan wuya. Lokacin da ya fi dacewa da yawancin mata shi ne hantsi, yara sun tafi makaranta, maigida ya fita, girkin rana bai taso ba, ko kuma bayan la'asar sa'ad da aka tafi Islamiyya. Ki kunna rediyo a tsakar gida ko fanka kusa da ƙofa, ki sa abin kunne, ki zauna nesa da taga. Ku shirya wata kalma da mai ba ki shawara, misali ki ce "an kawo wuta", ya gane wani ya shigo, ya koma yi miki tambayoyin i ko a'a har mutumin ya fita. Idan kuma wanda ke cikin gidan shi ne tushen damuwar, yana duba wayarki ko yana duka, to waya ba ta dace ba. Zuwa asibiti ya fi rufin asiri, tun da ba mai tuhumar mace don ta ce za ta ga likita.

Sauran shirin ƙanana ne amma su ke ɓata zama. A cika caji tun dare. A sa kati isasshe. Kiran layi ya fi kiran WhatsApp tabbas a inda sabis ke rawa. A ajiye ruwa, biro da ɗan littafi, a rubuta abu biyu ko uku da ake son faɗa. Kada a amsa kiran a cikin Adaidaita Sahu, ko ana tuƙi, ko ana juya miya.

Idan an fara, ka faɗi da baki abin da da fuska za ta faɗa. "Na yi shiru ne ina tunani." "Kuka nake yi, ba ni minti ɗaya." Shiru a waya nauyi gare shi, sai mutum ya yi ta "hello, kana ji na?" ko ya cike gurbin da gaisuwa. Gaisuwar ma a taƙaita, don mu in aka bar mu da ina gajiya da ya iyali sai kwata ta wuce. Za a riƙa ba ka aikin gida: rubuta tunanin da ya zo maka lokacin da gabanka ya faɗi, ko fita tattaki, ko ziyarar ɗan'uwan da ka daɗe kana gudu. Wanda bai yi aikin ba, hira kawai yake biya wa kuɗi. Bayan an ajiye waya kada ka faɗa hidima nan take. Mai zuwa asibiti yana da hanyar dawowa da zai huce a cikinta, kai kuma sai ka ƙirƙiri taka: minti goma na zama, ko alwala, ko zagaya bayan gida.

A auna ci gaba, kada a bar shi ga zato. Akwai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, makinsu daga 0 zuwa 27, ana iya amsa su ta waya cikin minti uku. Daga 10 zuwa 14 matsakaici ne, 20 zuwa sama mai tsanani. Ka nemi a yi maka a zaman farko, a maimaita bayan zama huɗu zuwa shida. Idan makin na sauka, barci na dawowa, a ci gaba. Idan ya tsaya cak ko yana hawa, ko ka lura kana ɓoye abubuwa saboda ba a ganinka, ko kullum sai an katse ku, ka faɗa masa ku koma ido da ido. Da yawa suna haɗawa: sau ɗaya a wata a asibiti, sauran makonnin ta waya. Wanda likita ya ɗora kan magani ya sani yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin aikinsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi. Ranar komawa asibiti tana nan, ko da hirar waya na tafiya daidai.