Ƙurar da ke gindin kwano

Tambaya: Malam, bara na sayo irin wake a kasuwar Shuwarin, na shuka a gonar da ba ta taɓa yin ƙuduji ba, sai ga shi ya ɓullo. Ta yaya zan gane irin ciyawa idan ya cuɗe da irin shuka? Daga wani manomi a Kiyawa.

Amsa: Malam, sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Shanu da ruwan da ke kwararowa daga gonar maƙwabci suna iya kawo ƙuduji, amma zarginka yana da tushe. Binciken da masanan cibiyar IITA suka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa hatsin kasuwa na daga cikin manyan hanyoyin yaɗuwarsa.

Kowace ciyawa da irin rigar da 'ya'yanta ke sanye da ita. Wasu yaro ma ya san su: ƙarangiya da ƙayarta, kashin yawo da ƙahonsa biyu, tafasa mai santsi da sheƙi. Faifai da haƙuri sun ishe ka fitar da waɗannan.

Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, shi ne mai wuyar sha'ani. Tsawon ƙwayarsa bai wuce sulusin milimita ba, sai ka rantse ƙura ce. Tsiro ɗaya kan zubar da dubun dubatan ƙwayoyi, suna kuma iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran saiwar da za su kama. Saboda haka kafin ka biya kuɗi, ɗebi kwano guda daga ƙasan buhu, ka tankaɗe shi da rariya a kan farar takarda. Duba abin da ya zuba da madubin ƙara girma. Yashi yana da kusurwa, yana ƙyalli, kowace ƙwaya da siffarta. Irin ƙuduji kuwa duk kusan kai ɗaya ne, launin ƙasa mai duhu, jikinsa da zane-zane masu tudu a murɗe kamar igiya. Akwai ɗan uwansa mai rawayar fure da ke cin wake, wanda masana ke kira Alektira. Nasa ya fi tsayi, kusan milimita guda, yana cikin wata 'yar raga mai kama da kakaki.

Iyakar madubin hannu ke nan. Shi kansa ƙuduji akwai na gero akwai na wake, kuma raba su ta zanen jikin ƙwaya sai da babban madubin ɗakin bincike, don haka ka kai ƙurar wurin malamin gona na JARDA ko tsangayar aikin gona ta Jami'ar Tarayya da ke Dutse. A gona kuwa ido ya isa: na gero da dawa dogo ne mai manyan furanni ja-ja, na wake gajere ne, rassa cunkus, ganye kamar babu. Bambancin nan ba na ado ba ne. Na wake ba ya cin gero, na gero ba ya cin wake, kuma da wannan za ka tsara abin da za ka shuka baɗi.

Tunda ya riga ya shiga, kada ka bari ya yi 'ya'ya. Tuge shi da zarar ya fara fure, ka fitar da shi daga gona ka ƙone. Wanda aka yar a kunya yana iya ƙarasa nuna. In na wake ne, gonar ka ba gero ko dawa na 'yan shekaru. In wake ya zama dole, nemi SAMPEA 10 na cibiyar IAR ta Samaru, yana jure wa ƙudujin wake da Alektira, ka kuma tabbatar buhun na ɗauke da shaidar hukumar iri ta ƙasa.

Lokacin roro, kada a tara wake a ƙasar gonar da ke da cutar, nan ne ƙurar ke mannewa. A shimfiɗa tamfol, a yi bugu a kai. Ƙaiƙayin da ya rage bayan tankaɗe kuma, wuta za ka sa masa, kada ya shiga cikin taki.