Yadda Ake Karɓar Sabon Marubuci a Wikipedia

Wikipedia wani kundin ilmi ne da aka kafa a intanet cikin 2001. Yana da sashen Hausa, kuma masu rubutu a cikinsa 'yan sa kai ne, ba a biyansu ko kwabo. Ni ma ina cikinsu.

Kwanakin baya wani sabon shiga ya rubuta cewa ƙauyensu, Tudun Wada, ya fi kowane gari albarka. Na share maganar, na kuma yi masa faɗa. Tun daga ranar bai sake rubuta ko harafi ba, shafin ƙauyen kuwa yana nan layi biyu. Laifina ne, don na manta cewa da rarrafe yaro kan tashi. Ga abin da na koya.

Da farko, a gai da baƙo a shafinsa na tattaunawa, a gode masa kafin a ambaci kuskurensa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Na biyu, a tambaye shi inda ƙauyen yake. Akwai Tudun Wada a Zariya, akwai a Kaduna, akwai kuma ƙaramar hukuma mai wannan suna a Jihar Kano. Ƙananan hukumomin Nijeriya 774 ne, saboda haka tilas ya faɗi tasu da jiharsu.

Na uku, a nuna masa cewa kowace magana tana bukatar hujja daga littafi ko jarida. Abin da kaka ta faɗa yana da daraja, amma mai karatu ba shi da hanyar tabbatar da shi. In ya ɗauko yawan jama'a daga ƙidayar 2006, ya kula kada ya ɗora wa ƙauye adadin ƙaramar hukuma duka.

Na huɗu, ya bar kirari. Ya faɗi ranar kasuwa, da abin da ake nomawa, da shekarar da aka gina makaranta.

Daga ƙarshe, a kwantar masa da hankali. Duk gyaran da aka yi yana ajiye a tarihin shafi, ana iya mai da abin da ya ɓaci.

Ina roƙon iyayenmu masu tsofaffin littattafai da jaridu su ara mana su, don kada labarin ƙauyukanmu ya ɓace.