Idan Manhajar Share Tarkacen Kwamfuta Ta Tsaya Cak

Tambayar wannan makon daga Malanville ta fito, daga wani malami da ke shirya wa 'yan kasuwa takardun kwastan. Faifan kwamfutarsa ya cika, ya kunna manhajar share tarkace ta Windows, koren layin ya yi ɗan nisa ya ƙi gaba tun hantsi har azahar. Ya danne maɓallin kashewa, ya sake kunnawa, ya maimaita, abin yana nan yadda yake.

Malam, da farko ka ɗauke yatsanka daga wannan maɓallin. Sau da yawa manhajar ba ta maƙale ba, aiki take yi, kashewar da kake yi kuma ita ce za ta iya jawo maka ɓarnar da babu ita a da.

Manhajar da kake nufi, wadda a Windows ɗin Faransanci na Benin da Nijar aka rubuta mata Nettoyage de disque, tsohuwa ce, tun zamanin Windows 98 take. Kwandon shara da fayilolin wucin gadi ba sa ɗaukar ta minti biyu. Inda take daɗewa kusan kullum wuri ɗaya ne: Nettoyage de Windows Update. Kowace Talata ta biyu ga wata Microsoft kan fitar da gyare-gyare, Windows kuma ba ya zubar da tsoffin fayilolin da aka maye gurbinsu nan take. Yana tara su a ma'ajiyar WinSxS, domin idan sabon gyara ya zo da matsala a samu abin komawa. Dubban ƙananan fayiloli ne masu alaƙa da juna, sai an duba kowanne an tabbatar babu mai dogaro da shi kafin a goge, wasu kuma a matse su. Kamar mai rumbun albasa ne: ba ya zubar da buhu ɗungurungum, zazzagewa yake yi ya tsince ruɓaɓɓu ɗaya bayan ɗaya. Koren layin nan bai san lissafin wannan aiki ba, shi ya sa yake tsayuwa wuri guda.

Gane mai aiki daga wanda ya sandare ba wuya. Danna Ctrl da Maj da Échap tare, Gestionnaire des tâches zai buɗe. Nemi Windows Modules Installer Worker, wanda fayil ɗinsa TiWorker.exe ne. Idan lambobin da ke gabansa a ƙarƙashin Processeur ko Disque suna hawa suna sauka, ƙyale shi. A kan tsohon faifai mai juyawa, sa'o'i biyu ko uku ba abin mamaki ba ne.

A Malanville kuwa dalilan jinkirin sun taru sun yi yawa. Yawancin kwamfutocin ofisoshi na hannu ne, an hauro da su daga Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 700, da faifansu mai juyawa da batirin da ya gaji. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, sannan Maris da Afrilu su zo da zafin da ke haura digiri 40 a bakin kogin Kwara. Kwamfuta idan ta ji zafi ita da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ga kuma ɗabi'ar haɗa ta da intanet ɗin waya, data ta ƙare gyara na tsakiyar saukowa, a bar gutsattsarin fayiloli. Don haka kada ka fara wannan aikin da tsakar rana, 'yan kasuwa na tsaye a kanka suna jiran takarda. Bari sai yamma, ka ɗora ta a kan tebur ba katifa ba, ka jona caja, kuma ka tabbatar idan wuta ta ɗauke akwai batiri ko sola da zai riƙe ta. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar taɓa WinSxS na iya barin kwamfutar da ba za ta tashi ba gobe. Haka idan ka sake kunna ta ka ga an rubuta kada ka kashe, ƙarashen aikin ke nan, yi haƙuri da shi.

To idan an yi sa'a guda lambobin na kan sifiri fa? Nan ta maƙale da gaske. Danna Annuler, sannan ka zaɓi Redémarrer, ba Arrêter ba, domin a Windows 10 da 11 kashewar yau da kullum takan adana wani ɓangare na tsarin ta dawo maka da shi yadda yake, da matsalarsa. Kafin komai samar mata wurin numfashi: shara ma tana buƙatar fili, faifan da ya cika maƙil ba ya sharuwa. Kwashe bidiyo da hotunan WhatsApp zuwa filas, ko da gigabait 5 ne. Danna maɓallin Windows da R, rubuta %temp%, goge abin da ke ciki, wanda ya ƙi gogewa ka tsallake shi. Sake kunna manhajar, amma ka cire alamar da ke kan Windows Update. Idan ta wuce lafiya, ka gano inda ciwon yake.

Sai ka buɗe Invite de commandes da izinin administrateur. Rubuta net stop wuauserv, sannan net stop bits, ka shiga C:\Windows\SoftwareDistribution\Download ka goge abin da ke ciki, ka dawo ka tayar da su biyun da net start. Gutsattsarin nan da data ta bari sun tafi ke nan. Daga nan rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup. Aikin da manhajar ta kasa shi ne wannan, sai dai a nan kana ganin kaso nawa aka ci, kuma idan ya gaza zai ba ka lambar kuskure. Shi ma yakan daɗe a kaso ɗaya, kada ka razana. Idan ya gaza, maye kalmar ƙarshe da /RestoreHealth, wanda ke buƙatar intanet mai ɗorewa, ka biyo shi da sfc /scannow.

Abu biyu ban yarda da su ba ko kaɗan. Wasu masu gyara kan shiga WinSxS su goge da hannu saboda sun ga girmanta. Wannan rushe Windows ne, ƙarshensa sai an sake zuba sabo. Na biyu, manhajojin shara na sata da ake yawo da su a filas daga shago zuwa shago. Ƙwayar cutar da ke zuwa tare da su ta fi tarkacen da suke kwashewa tsada, balle a kwamfutar da ke ɗauke da takardun dukiyar mutane.

Akwai yanayin da duk wannan ba zai yi magani ba. Idan Disque na nuna kashi 100 alhali ba wani abin kirki da ke motsi, ko kana jin ƙas-ƙas daga cikin kwamfutar, faifan ne ke mutuwa. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, idan ta nuna ruwan ɗorawa ko ja, bar batun shara, kwafe takardunka a yau. Rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya wahalar da zirga-zirgar kaya a wannan yanki, don haka ka yi saƙon faifai irin na SSD tun tsohon na numfashi. A kansa, sharar da ke cinye yamma guda takan ƙare kafin shayi ya nuna.

Nan gaba kuma, ita kanta Microsoft tun 2018 ta karkata ga Assistant de stockage, wanda ke ƙarƙashin Paramètres, Système, Stockage. Kunna shi ya riƙa shara kaɗan-kaɗan duk wata, tarkacen ba zai taru ba. Sai dai ka duba layin Téléchargements ka sa shi a kan Jamais, domin mai irin aikinka yawanci a can yake barin rasit da takardun da aka turo masa, shi kuwa Assistant bai san bambancin su da shara ba.