Kwana Arba'in Na Mai Jego: Darasi Domin Zumuntar Mata Da Dukan Jama'a

Darasinmu na wannan wata a kan ɗakin mai jego yake, ɗakin nan da mu maza mukan tsaya daga bakin ƙofarsa mu ce barka da arziki, mu ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa, mu juya. Abin da ke gudana a bayan labulen cikin makonni shida na farko mata ne suka san shi, kuma sau da yawa a hannunsu ran uwa da na jariri yake.

Ga abin da ya sa na ɗauko zancen. Mutanenmu da ke zaune a Jabo da Tambuwal da Kebbe ba su da yawa, galibinsu kuwa aiki ne ko kasuwanci ya kawo su. Wata daga ƙasar Zuru take, wata daga kudancin Kaduna, wata daga Binuwai ko ƙasar Ibo. Akwai wata yarinya da aka kawo mijinta aiki Jabo, ta yi haihuwar fari da hunturu, mahaifiyarta tana can nesa ba halin zuwa. Washegari wata tsohuwa maƙwabciyarta, Musulma, ta leƙo ta tarar da ita tana ƙoƙarin hura wuta ita kaɗai. Ta ce mata, "Ɗiyata, ina innarki?" Yarinya ta ce tana gida, hanya ta yi nisa. Tsohuwa ta ce, "To, koma ki kwanta, ga ni." Ita ta riƙa dafa ruwa, ita ke dama kunu. Mata biyu daga cikin jama'armu kuma suka raba kwana, yau wannan gobe waccan. A mako na biyu ɗayarsu ta lura mai jego ba ta iya kwanciya sai a jingine, ƙafafunta sun kumbura, tari yana tashinta da dare. Aka ce ai jego ne, zai wuce. Ita kuwa ta kafe sai an tafi asibiti, domin ta taɓa ganin irin wannan ga yayarta. Likita ya duba ya ce zuciya ce ta raunana. An ba da magani, yau yarinyar tana goye da ɗanta.

Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a ƙasar nan, kakanninmu sun shirya wa mai jego tsari mai hikima. Mai cikin fari takan koma gaban iyayenta ta haihu. Ungozoma ta yanke cibi, tsofaffi su kama aikin wanka safe da yamma, a yi mata ƙauri da yaji, a hana ta daka da surfe da ɗaukar ruwa. Mata su yi ta zuwa barka, ƙawayen biki su kawo gudummawa, ranar suna a taru. Sai ta cika kwana arba'in kana ta ci ado ta fita yawon arba'in, ta gode wa waɗanda suka tsaya mata. Gindin wannan tsari duka abu ɗaya ne, wato kada a bar wadda ta haihu ita kaɗai. 'Yan'uwanmu Ibo ma suna da irinsa, inda uwa kan baro garinta ta zo ta zauna da 'yarta har ta warware.

Wanda ya saba da Littafi Mai Tsarki ba zai ga baƙon abu a nan ba. A babi na farko na Bisharar Luka, da Uwargida Maryamu ta ji labarin cikin 'yar'uwarta Alisabatu, wadda ta riga ta tsufa, sai ta kama hanyar ƙasar tuddai ta Yahudiya da hanzari, ta zauna wurinta wajen wata uku, alhali ita ma tana da nata cikin. Wannan ziyara ce Ikkilisiya ke tunawa ran 31 ga Mayu. Da aka haifi Yohanna, maƙwabta da dangi suka zo taya murna, a rana ta takwas aka sa suna. A ƙarshen Littafin Rut kuma matan unguwa ne suka kewaye Na'omi, har su ne suka raɗa wa jaririn suna Obed. Kwana arba'in ɗin ma yana nan: bisa ga ka'idar Littafin Firistoci babi 12 aka kai Yesu Haikali kwana arba'in bayan haihuwarsa, shi ya sa muke idin a ran 2 ga Fabrairu.

Amma sai mu faɗi gaskiya, ƙauna kaɗai ba ta isa ba idan babu sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata wajen 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan irin wannan mutuwa a duniya. Jarirai kuwa da ke mutuwa a watan farko, wajen kashi uku cikin huɗu a makon farko suke tafiya, wato kafin a kai ga suna. Lokacin nan da gida ya cika da 'yan barka, ana ta hidimar tuwo da goro, shi ne lokacin da hatsari ya fi yawa. Mata goma za su shiga ɗakin a yini, kowace ta ɗauki jariri ta ce ya yi kama da wane, ba wadda ta tambayi uwar yadda jini yake zuba.

Bari mu ɗan daɗe a kan wankan jego, gama a nan ne aka fi gardama. Kowa ya san yadda ake yi: a tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganyen darbejiya ko runhu, a riƙa fyaɗa wa mai jego da zafinsa. A wasu gidaje takan kwanta bisa gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, sa'an nan ga kunun kanwa ba ƙaƙƙautawa. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta yadda mata masu yawa ke zuwa asibiti da ciwon zuciya bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan gishirin da ke cikin kanwa da kuma tsananin zafi. Kanwa tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji da ɗawainiyar wata tara sai a ƙara mata kaya. Wani bincike da aka buga a 2007 daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya sami wannan ciwo ga mace 1 cikin kowace haihuwa 102, adadin da yake cikin mafi yawa a duniya. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano da abokan aikinsa suka nuna cewa ba al'ada kaɗai za a ɗora wa laifi ba: rama, da talauci, da hawan jini lokacin ciki, da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jiki, duk suna da hannu.

To, mene ne abin yi? Ni dai ba zan ce wa iyayenmu mata su bar wanka ba, ko na faɗa ma ba za su ji ba. Ruwan ɗumi yana tsabtace jiki, yana sassauta gajiya, kuma sa'ar wanka ita ce sa'ar da babbar mace ke ganin jikin mai jego da idonta. Abin roƙo shi ne a sirka ruwan har hannu ya iya jurewa, gama an sha kai mata asibiti da ƙuna. Kanwa kuma a rage ta ƙwarai, wadda aka taɓa ce mata tana da hawan jini kuwa kada ta kusance ta. Kunun gero ko na gyaɗa, da wake, da zogale, da ƙwai, da kifi ko nama in an samu, sun fi mata amfani. Mai yi mata wanka kuma ta buɗe ido. In jini yana jiƙa ƙyalle sharkaf cikin sa'a guda, ko zazzaɓi ya zo tare da ruwa mai wari, ko kai yana sarawa ido yana ganin dishi-dishi, ko fuska da ƙafafu sun kumbura, ko numfashi yana gagara, ba a jiran gari ya waye sau biyu. Jijjiga tana iya kama mace bayan ta haihu, ba sai tana da ciki kaɗai ba.

Sai batun nono. Na sha jin ana cewa ruwan nono na fari, wato dakashi, ba shi da kyau, a matse a zubar. Har akwai masu jefa kiyashi a ciki su ga ko zai rayu. Wannan kuskure ne mai tsada. Dakashi shi ne rigakafin farko da jariri ke samu, kauri da launinsa kuwa na abubuwan da ke kāre shi daga cuta ne. A sa shi a nono cikin sa'a ta farko, ya sha sau takwas zuwa goma sha biyu a dare da yini, ko da ba a ga ruwa mai yawa ba, domin tsotso ne ke kawo nono. Har wata shida ba ya bukatar ruwa, ko da a zafin Afrilu na ƙasar Tambuwal, gama fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Uwar ce za a yi ta ba ruwa. Zuma kuwa kada a lasa wa yaron da bai shekara ba. A nan mai 'ya'ya uku ta fi ni, ta fi katekis, ta fi mijin: ita za ta zauna kusa da yarinyar da kan nononta ya tsage tana kuka, ta gyara mata riƙon jariri, ta sa ya buɗe baki sosai ya kama har da baƙin da ke kewaye, ta ce mata, "Ƙanwata, ni ma haka na yi a kan na fari."

Cibiya ma tana son lura. Toka, da man goge haƙori, da gashi da tsumma mai datti, ƙofa ce ta ƙwayoyin cuta, har da ciwon sarƙe haƙora. A 2013 Jihar Sakkwato ta shiga gaba a ƙasar nan wajen raba man shafa cibiya mai suna kulohezidin, tare da ƙwayar misofurostol mai tsayar da zubar jini, har zuwa ga matan da ke haihuwa a gida. A tambaye shi a asibiti ko shagon magani. A cibiya kaɗai ake shafawa, kada ya taɓa ido. Jaririn da ya ƙi nono, ko numfashinsa ya kai sau 60 a minti, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko shawara ta sauko har tafin hannu da na ƙafa, asibiti za a nufa da shi, ba wurin wanzami a cire masa beli ba. Bakwaini kuma a ɗaura shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a rufe su tare. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara wannan dabara a 1978 saboda ƙarancin kwalaben ɗumama jarirai, ga shi ba ta cin ko sisi.

Akwai wani ciwo da ba ya nuna kumburi, shi ne kuma wanda muka fi yin shiru a kansa. Mata da yawa sukan ji kuka yana zo musu ba dalili a kwanaki na uku zuwa na biyar, wannan yakan wuce da kansa. Amma in an haura mako biyu mace ba ta barci ko da jariri ya yi, ba ta son abinci, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce, ko tana tunanin gara ta mutu, to rashin lafiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 takan shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Mai kunyar ɗan fari, wadda ko sunan ɗanta ba ta faɗa, yaya za ta buɗe baki ta gaya wa surukarta? Sa'arta kaɗai za ta gaya wa, ita ma sai an keɓe. Kada a ce mata rashin bangaskiya ne, kada a yi saurin cewa iskoki. Mu yi addu'a tare da ita, mu kuma kai ta ga ma'aikatan lafiya. Wadda ta fara sambatu ko ganin abin da babu, kada a bar ta da jariri ita kaɗai ko na minti ɗaya. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da Sakkwato, kuma ciwon yana jin magani.

Ku maza, naku bai ƙare a ragon suna ba. Wanda ya iya tanadin rago tun ciki yana wata biyar, ya iya ajiye kuɗin mota, ya kuma san direban da zai buga wa da tsakar dare, balle ga mazauna ƙauyukan Kebbe inda tafiyar dare ba ta da sauƙi. Ku kuma bar izini tun da wuri, cewa in abu ya taso ba kwa nan, mata su wuce da ita ba sai an jira ku ba.

Ga aikin da nake roƙon kowace Zumuntar Mata ta ɗauka a taronta na gaba. A rubuta sunan kowace mai ciki da watan da ake sa ran haihuwarta, a tambaye ta wa zai zo mata daga gida. In babu kowa, a sa mata mata biyu, ɗaya babba ɗaya sa'arta, su kuma je su gai da maƙwabtanta tun kafin ranar, gama su ne za su riga kowa jin kukanta. Ma'aikatan lafiya suna so a duba uwa da jariri cikin sa'o'i 24 na farko, da rana ta uku, da tsakanin kwana 7 da 14, da kuma mako na shida. Allurar tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna kuwa tun daga haihuwa ake ba da su. Waɗannan mata biyu su riƙe ranakun a ka, su raka ta. Mako na shida kwana 42 ke nan, ya zo kusan daidai da yawon arba'in, saboda haka asibiti ya zama gidan farko da za ta shiga ranar, da katin jariri a hannu. Ma'ajiya kuma ta ware wani abu daga adashe domin mota kaɗai, a ajiye shi wurin wadda ba ta kashe wayarta da dare.