Waya a Jakar Makaranta: A Loda a Gida, a Kashe Data a Aji

Wani magidanci daga Sandamu ya tare ni da tambaya bayan an sauko daga Juma'a a Daura. 'Yarsa tana aji biyar na sakandare, jeka-ka-dawo take yi, kuma ta tasa shi gaba sai ya saya mata babbar waya, wai don karatu. Yayanta da ke Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Daura yana goya mata baya, tunda su kusan duk takardun darasi ta WhatsApp ake turo musu. Mahaifiyarta kuwa ta ce atafau ba a gidanta ba. Na yi masa alkawarin amsa a wannan fili, don na san ba shi kaɗai ke cikin wannan tsaka-mai-wuya ba.

Malam, saya mata. Amma kafin ka taka shagon mai waya, fara takawa zuwa ofishin shugaban makarantarsu ka ji dokarsu daga bakinsa, kada ka tsaya ga abin da yarinya ta faɗa maka. Yawancin makarantun kwana sun hana waya ɗungurungum, na jeka-ka-dawo kuma kowacce da tsarinta. In ya ce a'a, kada ka ɗauke shi wanda zamani ya bari a baya. Faransa ma tun 2018 ta yi dokar hana yara amfani da waya a makaranta har zuwa wajen shekara 15, kuma rahoton UNESCO na 2023 ya ja kunne cewa kada waya ta shiga aji sai in darasi za ta taimaka. In an hana, wayar ta zauna gida. Sauran abin da zan faɗa duk zai yi aiki a tsakar gida.

Ga inda maganar take. Wayar da datarta ke kunne a cikin aji majalisar hira ce aka sa a aljihu. Malam na bayanin lissafi, saƙo na shigowa, TikTok na kira, yarinya kuwa mutum ce kamar kowa. Mu manya ma a wurin ɗaurin aure ba mu iya haƙuri. Wadda aka loda wa darasi tun daga gida, aka danna mata alamar jirgin sama kafin a shiga ƙofar makaranta, wannan ita ce littafi. Saboda haka ka ware yini guda a mako, ko Asabar da hantsi, ku zauna da yayan nata a sauke abin da za ta buƙata: tambayoyin WAEC, NECO da JAMB na shekarun baya, ƙamus ɗin Turanci mai aiki ba intanet, bidiyon darussan da suka fi ba ta wuya, da karatun surorin da take hadda a Islamiyya. Akwai dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta buɗe a 2022 tare da UNICEF da Microsoft; bisa manhajar makarantunmu aka tsara shi, akwai darussa da Hausa a ciki, kuma shigarsa kyauta ce. Ka saya mata memori mai ɗan girma, a buɗe wa kowane darasi jakarsa.

Wannan tsari ya fi wa aljihunka sauƙi. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa ya ji a jikinsa. A shiga saitin WhatsApp a hana shi sauke hotuna da bidiyo da kansa, don nan ne data ke zurarewa ba a sani ba. Bidiyon da ɗaliba ɗaya ta sauke, ƙawayenta goma za su iya karɓa ta Xender ko Bluetooth ba tare da kashe ko kwabo ba. Abu ɗaya nake so ka guje wa: datar dare mai araha. Arha ce da ke cinye barcin yarinya, gobe ta yini gyangyaɗi a aji. In dole sai da ita za a sauke manyan bidiyo, yayan ya yi. (Mutanen Kongolam, Mai'adua, Zango da Baure, ku duba wayoyin yaranku ku kashe yawon data na ƙetare, domin a bakin iyaka waya kan kama sabis ɗin Nijar, kati ya tafi a banza.)

Yanzu maganar layi, wadda iyaye da yawa ba su farga da ita sai aski ya zo gaban goshi. Rajistar JAMB tana farawa ne da tura lambar NIN ta ɗalibi zuwa 55019 ko 66019, kuma layin da aka tura da shi ya zama na wannan ɗalibi a wurin hukumar: ta nan lambobi ke zuwa, ta nan ake duba sakamako. Kada a yi da layin mai shagon intanet ko na wata ƙawa, kada kuma a yi da wanda wani yaro ya riga ya yi rajista da shi. Ka ware mata layi guda tun yanzu, ka riƙa sa masa kati ana ɗan kira, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani.

Kada kuma ka ɗauka iya shafa fuskar waya shi ne iya kwamfuta. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta kacokan, tambayoyi 180 cikin sa'o'i biyu, kuma a 2024 WAEC ta fara irin wannan ga masu rubutawa daga waje. Yaro kan san amsa sarai, amma ya ɓata minti goma yana laluben inda N take don ya wuce gaba, ko P don ya dawo baya. Waya za ta koya mata tambayoyin. Yatsunta kuwa sai an kai ta cibiyar kwamfuta sau uku ko huɗu ta zauna gaban allon rubutu, ta kuma yi jarrabawar gwaji ta JAMB. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malaman da makarantarsu ta yarda da waya, ga ɗan tsokaci. A ajiye kwali a kan tebur, wayoyi su kwanta ciki, a fito da su na minti goma sha biyar don aiki takamaimai, a mayar. A ajin ƙauye masu waya tsiraru ne, don haka a haɗa yara uku-uku ko huɗu-huɗu kan waya ɗaya, kuma kada a ba da aikin gida da marar waya ba zai iya yi ba. Guruf ɗin aji a sa uwa ko uba guda a ciki. Malami namiji kuma ba shi da dalilin bin ɗaliba da saƙo ta bayan fage. Duk abin da ya shafi darasi a faɗe shi a guruf.

Koma gida, Malam, don a nan mahaifiyar yarinyar take da gaskiya. Ku san lambar buɗe wayar, ku faɗa wa yarinya tun ranar farko cewa za ku riƙa dubawa, kada ya zama leƙen asiri. Bayan isha'i wayar ta kwana a ɗakin mahaifiyarta. In za a kai ta wurin masu caji, a kulle ta a cire memori. Akwai kuma sabon abu: Meta AI na nan zaune cikin WhatsApp, ChatGPT ma na nan, suna rubuta wa yaro aikin gida cikin ƙiftawar ido, wani lokaci da kuskure a ciki. Gwajin mai sauƙi ne, ko ba ka yi boko mai zurfi ba. Ka ce ta kife wayar, ta yi maka bayanin abin da ta rubuta da Hausa. In ta iya, karatu ya shiga. In ta fara kame-kame, kwafa ta yi.

Ranar jarrabawa kuwa, ka karɓi wayar da hannunka tun kafin ta sa takalmi. WAEC kan soke sakamakon ɗalibi gaba ɗaya idan aka kama shi da waya a zauren jarrabawa, ko da a kashe take.