Yadda Ake Sa Ido a Kan Gungun Galera da Tayar da Shi Idan Ya Faɗi

Gungun rumbun bayanai shi ne na'urori da yawa, galibi uku ko biyar, waɗanda kowacce ke riƙe da cikakken kwafin bayanai iri ɗaya, ta yadda idan ɗaya ta mutu sauran za su ci gaba da aiki ba tare da masu amfani sun ankara ba. Gungun da wannan bayani ya shafa shi ne Galera, manhajar da kamfanin Codership na ƙasar Finlan ya ƙirƙira, wadda ke zuwa a cikin manhajar rumbun bayanai ta MariaDB tun daga fitowa ta 10.1. Ƙa'idar aikinta ita ce, duk wata mu'amala, wato tarin canje-canjen da ake so su tabbata tare ko su faɗi tare, sai an aika ta ga dukkan mambobin gungun an ba ta lamba a jere kafin a shaida wa mai rubutu cewa an karɓa. Wannan lamba ta jeri, wadda ake kira seqno, ita ce za ta raba gardama a ranar da komai ya tsaya, don haka ya kamata a riƙe sunanta tun yanzu.

Girka manhajar ba ya buƙatar dogon bayani. A buɗe ƙofofi huɗu a katangar tsaro: 3306 ta masu amfani, 4567 ta zance tsakanin mambobi, 4568 da 4444 na kwafin bayanai. A tabbatar kowane tebur na injin ajiyar InnoDB ne kuma yana da babban mabuɗi, domin tebur marar mabuɗi yana sa kowace gogewa ta zama bincike daga farkon tebur zuwa ƙarshensa a kan sauran mambobi.

Abin da ake yawan yin kuskure a kai tun kafin a fara shi ne yawan mambobin. Gungu yana karɓar aiki ne kawai idan ɓangaren da ya rage ya fi rabin adadin da ake da shi kafin matsala, abin da ake kira rinjaye, kuma da na'urori biyu, idan ɗaya ta yanke ba zato, wadda ta rage tana da rabi cif, rabi kuwa ba rinjaye ba ne, saboda haka ita ma sai ta daina amsawa. Wanda ya sayi na'urori biyu don tsimin kuɗi ya sayi hanyoyi biyu na tsayawar aiki. Idan kuɗin na'ura ta uku ya gagara, akwai garbd, ƙaramar manhaja mai matsayin alƙali, wadda ba ta ajiye bayanai amma tana da ƙuri'a, kuma ƙaramar na'ura mai araha ta ishe ta matuƙar layinta na da kyau, tunda duk zirga-zirgar gungun tana bi ta kanta. Haka nan na'urori uku da ke shan wuta daga janareto ɗaya, ko ke zaune a matsayin na'urorin kwaikwayo cikin kwamfuta guda, na'ura ɗaya ce mai sunaye uku.

Sa ido yana farawa da tambaya guda da ake yi wa kowane mamba shi kaɗai, wato SHOW GLOBAL STATUS LIKE 'wsrep_%', ba ta hanyar mai rarraba aiki irin su HAProxy ko MaxScale ba, domin mai rarrabawa zai kai tambayar ga mamba mai lafiya ya ɓoye marar lafiya. Amsar tana da layuka masu yawa, amma huɗu ne ake dubawa da farko. Layin wsrep_cluster_size yana faɗin mambobi nawa wannan na'ura ke gani, kuma a gungu mai mambobi uku dole ya zama 3 a kan dukkan ukun. Layin wsrep_cluster_status dole ya nuna Primary, ma'ana na'urar tana cikin ɓangare mai rinjaye. Layin wsrep_ready dole ya nuna ON, in ba haka ba manhajojin da ke neman bayanai za su riƙa samun kuskure mai lamba 1047. Na huɗu shi ne wsrep_local_state_comment, wanda a lokacin lafiya yake nuna Synced. Idan ya nuna Donor/Desynced to na'urar tana ba wani mamba kwafi ne ko kuma an janye ta da gangan, kuma wannan ba ciwo ba ne muddin bai daɗe ba. Ƙararrawar da ke duba ko ƙofar 3306 na amsawa kawai ba ta da wani amfani a nan, tunda mamban da ya rasa rinjaye yana karɓar haɗi lafiya lau, sai an yi masa tambaya ta gaske ya ƙi.

Bayan waɗannan sai batun birki. Kowane mamba yana da layin mu'amalolin da ya karɓa daga 'yan'uwansa amma bai gama rubutawa a faifansa ba, kuma idan layin ya wuce iyakar da gcs.fc_limit ya sa, wadda asalinta 16 ce, sai mamban ya aika saƙo cewa kowa ya dakata har ya kamo su. Sakamakon haka shi ne gungun gaba ɗaya yana tafiya da saurin mambansa mafi nawa, kamar ayarin da raƙumi ɗaya ya yi ɗingishi. Layin wsrep_flow_control_paused yana ba da kason lokacin da aka yi a tsaye, daga 0 zuwa 1, sai dai matsakaici ne na tsawon lokaci, don haka a na'urar da ta yi wata uku tana aiki tsayawar minti goma ba za ta motsa shi ba. Wanda ya fi dacewa da zane shi ne wsrep_flow_control_paused_ns, mai ƙirga jimillar lokacin tsayawa yana ƙaruwa, wanda tsarin sa ido na Prometheus zai iya ɗauka ta mysqld_exporter ya lissafa ƙaruwarsa a kowane minti, Grafana kuma ya zana. Wannan haɗin kyauta ne kuma ya wadatar. PMM na Percona yana zuwa da zane-zanen a shirye ga wanda ba ya son haɗa su da hannu.

Sanin cewa an taka birki bai isa ba, sai an san wanda ya taka. Mamban da wsrep_flow_control_sent nasa ke hawa shi ne mai laifin, sauran kuwa waɗanda abin ya shafa ne kawai, ko da yake su ne masu amfani za su yi ƙorafi a kansu. A mafi yawan lokuta dalilin ba ya wuce faifai mai rauni, ko aikin ajiyar ko-ta-kwana da ke gudana a kan mamban, ko kuma an bar wsrep_slave_threads a kan 1 alhali layin wsrep_cert_deps_distance yana nuna ana iya rubuta mu'amaloli da yawa a lokaci guda. Shawarar da ake yawan bayarwa ta ɗaga gcs.fc_limit zuwa dubbai tana kashe ƙararrawar ne ta bar ciwon, domin mamban zai ci gaba da zama a baya, masu karatu daga gare shi kuma su riƙa ganin tsofaffin bayanai.

Idan mamba ya fita ya dawo, hanya biyu ce yake kamo sauran. Ko dai a ba shi abin da ya wuce shi kawai, wanda ake kira IST kuma yakan ɗauki daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, ko a share abin da yake da shi a kwafa masa rumbun gaba ɗaya, wanda ake kira SST kuma a babban rumbu yana iya cin sa'o'i. Abin da ke zaɓar hanyar shi ne gcache, ma'ajiyar da kowane mamba ke riƙe mu'amalolin baya-bayan nan a cikinta, wadda asalin girmanta megabayit 128 ne kacal. Lissafin mai sauƙi ne: a karanta wsrep_replicated_bytes da wsrep_received_bytes a lokacin da aiki ya fi yawa, a sake karantawa bayan sa'a ɗaya, a haɗa bambancin. Idan, a misali, gungun yana rubuta megabayit 2 a daƙiƙa, ma'ajiyar asali za ta cika cikin kusan minti ɗaya, kuma mamban da aka kashe don canza masa faifai ba zai tarar da abin da ya wuce shi a cikinta ba, sai an yi masa SST. Sa'a ɗaya tana buƙatar kusan gigabayit 7. Faifai ya fi lokacin ma'aikata araha, saboda haka a ba gcache girman da zai ɗauki aƙalla sa'o'in da gyara mafi tsawo ke ci. A kuma sa wsrep_sst_method ya zama mariabackup, domin rsync, wanda shi ne na asali, yana hana mamba mai bayarwa karɓar rubutu har a gama kwafin.

Matakin da ya fi kowanne haɗari shi ne tayar da gungun bayan dukkan mambobinsa sun tsaya, kuma a nan ne ake rasa bayanai, galibi ta hannun mai gyaran da ke cikin gaggawa. Idan an kashe su ɗaya bayan ɗaya cikin tsari, babu wahala, domin mamban da ya fita da sallama ana cire shi daga lissafin rinjaye, na ƙarshen tsayawa kuma shi ke da komai. A cikin babban fayil ɗin bayanai, wanda galibi yake /var/lib/mysql, akwai ƙaramin fayil mai suna grastate.dat, kuma a na'urar da ta tsaya ƙarshe za a ga layin safe_to_bootstrap yana nuna 1. A kanta kaɗai ake ba da umarnin galera_new_cluster, sauran kuma a tayar da su yadda aka saba, ɗaya bayan ɗaya, ana jiran kowacce ta nuna Synced kafin a taɓa ta gaba.

Idan kuwa wuta ce ta ɗauke ko wani abu ya kashe su lokaci guda, abu na farko shi ne a kunna dukkansu a ɗan jira, domin Galera tana ajiye hoton mambobin ƙarshe a fayil ɗin gvwstate.dat, kuma idan duka suka dawo suka ga juna, sau da yawa suna maido da rinjayen da kansu. Idan hakan bai yiwu ba, za a tarar grastate.dat na kowace na'ura yana nuna seqno a matsayin -1, safe_to_bootstrap kuma 0, ma'ana babu wadda ta san matsayinta. A nan ne ake samun shawarar da ta fi kowacce ɓarna, wadda ke cewa a buɗe fayil ɗin a kowace na'ura da ta fi kusa, a mayar da 0 ya zama 1, a tayar. Umarnin zai yi aiki, gungun zai tashi, amma zai tashi ne da tarihin wannan na'urar, ko da ita ce ta fi zama a baya.

Hanyar da ta dace ita ce a tabbatar babu MariaDB mai gudana a ko'ina, sannan a kan kowace na'ura a ba da umarnin mariadbd --wsrep-recover, wanda ba ya buɗe rumbun ga kowa, yana karanta matsayin ƙarshe ne daga InnoDB ya rubuta shi a kundin kurakurai a layin da ke ɗauke da Recovered position, inda lambar da ke bayan alamar ɗigo biyu ta ƙarshe ita ce seqno. A rubuta lambobin uku a takarda kusa da sunayen na'urorin. Idan ta farko ta nuna 884210, ta biyu 884213, ta uku 884197, to ta biyu ce kaɗai za a mayar da safe_to_bootstrap nata zuwa 1 a tayar da gungun daga gare ta. Bambancin lamba uku yana iya zama kamar ba komai ba, amma kowace lamba mu'amala ce da aka riga aka shaida wa wani cewa an karɓa, wataƙila kuɗin da ya biya. Idan na'ura ɗaya ba ta kunnu ba sam, ba a san lambarta ba, kuma shawarar jiranta ko tafiya ba ita shawara ce ta masu bayanan, ba ta mai kula da na'ura shi kaɗai ba.

Akwai tarko na biyu a bayan wannan. Idan aka tayar da gungun daga na'urar da ke baya, wadda ta fi ta ci gaba za ta ƙi shiga, ta rubuta a kundinta cewa ana neman mayar da tarihi baya, kuma wannan ƙin shi ne kariya ta ƙarshe. Mai gyara da ya gaji yakan goge grastate.dat nata don ya tilasta mata karɓar cikakken kwafi, kwafin kuma ya share mu'amalolin da ita kaɗai ke da su. Kafin a goge wannan fayil a kowace na'ura, a fara kwafe babban fayil ɗin bayananta zuwa wani wuri. Haka kuma kada a taɓa ba da galera_new_cluster a kan na'urori biyu, domin kowacce za ta zama gungu mai mamba ɗaya, ta nuna Primary, ta karɓi rubutu, kuma haɗa tarihin biyu daga baya aikin hannu ne layi bayan layi. Irin wannan taka-tsantsan ake yi da pc.bootstrap=YES, umarnin da ke ba mamban da ya rasa rinjaye damar ci gaba shi kaɗai: ba a ba da shi sai an tabbatar da ido cewa sauran a kashe suke, ba layin sadarwa ne kawai ya yanke a tsakani ba.

Canza fasalin tebur yana da nasa sharaɗin, tunda a tsarin asali, mai suna TOI, umarnin ALTER TABLE yana tsayar da rubutu a gungun gaba ɗaya har ya gama, don haka a babban tebur gara a yi amfani da pt-online-schema-change. Gungu kuma ba ya maye gurbin ajiyar ko-ta-kwana, domin DROP TABLE da aka yi bisa kuskure yana isa ga mambobi uku a lokaci guda. Ana ɗaukar ajiyar da mariabackup daga mamba ɗaya bayan an sa masa wsrep_desync=ON don kada nawarsa ta taka wa sauran birki, a mayar da shi OFF idan an gama kuma layinsa ya ragu, sannan a kai kwafin wani gini daban, a riƙa maido da shi a wata na'ura ta gwaji lokaci-lokaci ana auna sa'o'in da maidowar ke ci.